Tsofaffin taswirorin Putney da ake sake bugawa: sun isa a gano gidan da ke cikin ƙidaya?

Ummu_Khalil:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu harkar taswira da masu bin salsalar dangi. Akwai tsofaffin taswirorin hukumar safiyon Birtaniya, wato Ordnance Survey, da ake sake bugawa ana sayar da su a ninke, har da na Putney, unguwar nan ta bakin Kogin Thames a kudu maso yammacin Landan. Idan mutum yana riƙe da adireshi daga ƙidayar 1881 ko ta 1891, a ce wani layi ne kusa da ruwa, wannan bugun kaɗai zai kai shi ƙofar gidan? Kuma tunda unguwa ɗaya tana da bugu na shekaru daban-daban, wanne ya kamata a fara saya?

Safiyo_Garba:
Wa alaikumus salam, Malama. Zai kai ki layin, amma ba zai kai ki ƙofar ba shi kaɗai. Taswirorin wancan zamani suna zana kowane gida da bayan gidansa da katangarsa, amma ba sa rubuta lambar gida. Sai a bugun da aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka riƙa sa lambobi a kai a kai. Waɗanda kike nufi galibi na kamfanin Alan Godfrey ne. Asalin taswirar a ma'aunin 1:2500 take, su kuma sun rage ta zuwa kusan 1:4340 don ta shiga takarda guda mai ninkuwa. Kowane falle yana ɗaukar fili mai tsawon mil ɗaya da rabi da faɗin mil ɗaya.

Malam_Inuwa_Awo:
Bari in fassara wannan ma'auni da Malam Garba ya kawo, don a nan ne mutane ke ruɗewa. A 1:2500, santimita 1 a takarda mita 25 ce a ƙasa. A 1:4340 kuwa santimita 1 mita 43.4 ce. Ƙananan gidajen jere na ma'aikata a Landan, faɗin fuskarsu bai cika wuce mita 5 ba. To gida irin wannan a asalin taswira milimita 2 ne, a wadda aka rage kuma milimita 1 da 'yar ɗoriya. Ana iya ƙirga su, amma sai da gilashin ƙara girman rubutu da haske mai kyau. Wanda ya ƙirga da ido tsirara a layi mai gida 40, da wuya bai tsallake ɗaya ko biyu ba.

Kuma kada a auna da lissafin 4340 kai tsaye. A gefen taswirar akwai sandar ma'auni da aka rage tare da ita. A ɗauki tazara da gefen farar takarda, a ɗora a kan sandar, a karanta. Sandar tana da ƙafa, tana kuma da awon sarƙar safiyo: sarƙa ɗaya ƙafa 66 ce, wato yadi 22, sarƙa 80 ke yin mil.

Hajiya_Rabi:
Game da wanne za a saya, amsar tana ga shekarar awo, ba shekarar bugu ba. Landan an yi mata awon farko a shekarun 1860 zuwa farkon 1870, an sake dubawa a farkon shekarun 1890 aka buga tsakanin 1894 da 1896, sannan aka sake gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙidayar 1881 ta faɗa tsakanin biyun farko, don haka mai aiki da ita dole ya riƙe duka biyun. A tsakanin nan ne gonakin kayan lambu da lambunan manyan gidaje na Putney suka riƙa komawa layuka. Layin da ke cikin ƙidayar 1881 zai iya zama fili a taswirar 1860 da wani abu, a ta 1894 kuma ya cika har da gidajen da ba a gina ba lokacin ƙidayar. Ga ƙidayar 1891, wadda aka yi ranar 5 ga Afrilu, ta 1894 ce ta fi kusa.

Ummu_Khalil:
Na gode Hajiya. To idan babu lamba a taswirar, ta yaya ake haɗa adireshin da zanen gidan?

Hajiya_Rabi:
Da kundin adireshi, 'yar uwa, irin na Kelly. Sau da yawa masu sake bugun suna sa wani yanki nasa a bayan taswirar, amma kaɗan ne, a nemi cikakken na shekarar. Kundin yana bin layi gefe ɗaya, gida bayan gida, idan ya iso mararraba sai ya rubuta cewa ga layi kaza nan ya ratsa. Wannan mararrabar ce madogara.

Yadda ake yi: a nemo abu biyu a layin da ke cikin kundin kuma suke cikin taswirar, misali mashaya a wannan kusurwa da mararraba ko makaranta a waccan. A ƙirga sunayen da ke tsakaninsu a kundin, a ƙirga gidajen da ke tsakaninsu a taswirar. Idan adadin ya zo ɗaya, an samu. Idan bai zo ɗaya ba, kada a tilasta. Ko dai akwai gidan da babu kowa, ko shago biyu a gini ɗaya, ko kuma kundin ya tsallake talakawa, don ya fi kula da 'yan kasuwa da masu hali, ƙananan lunguna ma wani lokaci ba ya sa su sam. A nan sai a koma takardar ƙidayar a bi sawun mai ƙidayar shafi bayan shafi. A farkon kowane littafin ƙidaya akwai bayanin iyakar yankinsa da layukan da ke ciki. Mutane da yawa ba sa buɗe wannan shafin, alhali shi ya fi komai amfani idan aka ajiye shi kusa da taswira.

Bala_Kundi:
Ƙari a kan na Hajiya: lambar da ke layin farko na hagu a takardar ƙidaya ba lambar gida ba ce, lambar takardar iyali ce da mai ƙidaya ya ba su bi da bi. Wannan kuskure ya kai mutane da yawa ƙofar da ba tasu ba. Gida ɗaya mai iyali uku zai ci lamba uku.

Dan_Fito:
Ku tuna fa bakin kogi ake magana, kuma a Putney bakin kogin shi ya fi ko'ina sauyawa. Gadar da ke taswirar farko ba ita ce ta yau ba. Waccan ta katako ce, an buɗe ta a 1729, ana biyan kuɗin ƙetarawa har 1880. Ta dutse da Joseph Bazalgette ya tsara an buɗe ta a 1886, ba a daidai gurbin tsohuwar ba, an ɗan gusa sama, kan layin da bututun ruwan kamfanin Chelsea yake ƙetare kogin. A taswirar farko za a ga abu biyu sun ratsa ruwa kusa da juna, gadar katako da mazaunin bututun. Duk wanda ya ɗauki gada a matsayin wurin fara awo tsakanin taswirar 1860 da wani abu da ta yau, awonsa ya karkace tun daga tushe. A ɗauki hasumiyar cocin St Mary da ke gindin gadar, ita ba ta motsa ba.

Haka titin bakin ruwa da ake kira Embankment, inda gidajen ajiye kwale-kwalen tsere suke. A ƙarshen shekarun 1880 aka gina shi. Kafin nan gaɓa ce da hanyar jan jirgi.

Safiyo_Garba:
Gaskiyarka Ɗan Fito. Kuma ruwan nan mai cikowa da janyewa ne sau biyu a yini, har can madatsar Teddington. Shi ya sa za a ga layi biyu a gaɓa. H.W.M.O.T. iyakar cikar ruwa ce ta yau da kullum, L.W.M.O.T. kuma iyakar janyewarsa, abin da ke tsakani laka ce da tsakuwa. A lura da cewa ta yau da kullum aka ce. Ba iyakar ambaliya ba ce. Ambaliyar daren 7 ga Janairu 1928, wadda ta kashe mutum 14 a Landan, ta haura wannan layi nesa ba kusa ba.

Sauran gajerun haruffan da za a yi ta cin karo da su: P.H. mashaya, P famfo, W rijiya, L.B. akwatin wasiƙa, F.P. hanyar ƙafa, S.P. sandar sigina ta layin dogo, S.B. ɗakin sigina. M.P. a bakin ruwa turken ɗaure jirgi ne, a gefen hanya ko layin dogo kuma alamar mil ce. Ginin da aka cike da layuka masu gicciye da juna rufin gilashi ne, kuma a lambunan manyan gidajen Putney suna da yawa.

Zainab_Taska:
Ni ina ganin an fi ƙarfafa bugun takarda fiye da kima. Babban laburaren ƙasa na Sikotland ya sa waɗannan taswirori a intanet kyauta, har da na Landan mai ma'aunin 1:1056 na 1893 zuwa 1896, wato ƙafa 5 ga mil. A can gidan mita 5 ɗin da Malam Inuwa ya ambata ya kusa milimita 5, kuma ana iya ƙara girmansa a allo. Akwai kuma inda ake ajiye tsohuwar taswira gefe da hoton tauraron ɗan adam na yau, kibiyar tana tafiya a duka biyun lokaci guda. Me zai sa a saya?

Malam_Inuwa_Awo:
Malama Zainab, don ƙirga gidaje kin fi mu gaskiya, ta 1:1056 ce ta dace, ban ja ba. Amma allo yana nuna lungu ne, takarda tana nuna unguwa. Wanda yake so ya gane me ya sa iyali suka zauna a wannan layi, sai ya ga layin tare da tashar jirgi da wurin sauke kaya a bakin ruwa da makaranta da coci a kallo ɗaya. Ga bayanin tarihin da ake rubutawa a bayan kowane falle. Ga shi kuma ana iya fita da ita a aljihu a bi layin da ƙafa. Kowacce da aikinta.

Bala_Kundi:
Wani tarkon kuma sunayen layuka ne. Titin Putney Bridge Road na yau, a tsofaffin takardu Wandsworth Lane ne. Ƙarshen Lower Richmond Road ta wajen gada kuma Windsor Street ake kiransa a da. Ban da wannan, maginan zamanin sukan ba kowane jerin gida shida ko goma sunansa, kaza Terrace, kaza Cottages, kaza Villas, kowanne da lambarsa daga 1. Daga baya hukuma ta soke waɗannan ta ba layin gaba ɗaya lamba, mara a gefe ɗaya, cika a ɗaya gefen. Saboda haka lamba 4 a 1881 da lamba 4 a 1911 ba lallai gida ɗaya ba ne, ko da sunan layin bai sauya ba. Majalisar gundumar Landan ta buga littafin sunayen tituna mai nuna tsohon suna da sabo da shekarar sauyi, bugun 1955 ya fi cika. A duba shi kafin a ce iyali sun tashi. Sau da yawa suna nan, lambar ce ta tashi.

Sani_Lissafi:
Putney ai a cikin Landan take tun fil azal, don haka duk takardunta a ma'adanar Landan za a nema.

Hajiya_Rabi:
A'a Malam Sani, da gyara. Putney a gundumar Surrey take har 1889 da aka kafa gundumar Landan. Fulham da ke tsallaken ruwa kuma a Middlesex take, iyakar tana bin tsakiyar kogi. Abin da ke kawo ruɗu shi ne, wajen rajistar haihuwa da mutuwa da ƙidaya, Putney tana ƙarƙashin yankin Wandsworth, wanda ake lissafawa da Landan tun kafin 1889. Shi ya sa a shafukan bincike wani ya rubuta Surrey, wani ya rubuta Landan. A gwada duka biyun. Takardun kuma sun rabu: wasu a babbar ma'adanar Landan, wasu a sashen tarihi na Wandsworth da ke laburaren Battersea, wasu na gunduma a cibiyar tarihin Surrey da ke Woking.

Sani_Lissafi:
Na karɓi gyara, Hajiya. Allah ya ƙara sani.

Dan_Fito:
Tunda an taɓo tsallaken ruwa: mai neman dangin bakin kogi kada ya tsaya a gaɓa ɗaya. Masu fito da masu tuƙa jiragen dakon kaya suna da ƙungiyarsu ta sana'a, Watermen and Lightermen, kuma rajistar ɗaukar almajiransu ta koma har ƙarshen ƙarni na 17, da sunan yaro da na maigidansa da unguwa. Mutumin da aka haifa a Putney zai iya yin aure a cocin All Saints na Fulham, gada ce kawai tsakani. Kuma wanda ya kwana a jirgi daren ƙidaya ba za a same shi a gidansa ba, a takardar jiragen ruwa aka rubuta shi. Idan aka ga mace da 'ya'ya ba miji a layin bakin ruwa, kada a yi saurin cewa ya rasu.

Aminu_Lokoja:
Ku gafarce ni in ɗan kauce. Akwai irin wannan na garuruwanmu na bakin ruwa, kamar Lokoja ko Yawuri?

Safiyo_Garba:
Malam Aminu, abin da ya fi yaɗuwa na Najeriya shi ne ma'aunin 1:50,000, wanda aka zana da yawansa daga hotunan jirgin sama tare da hukumar safiyon ƙasashen waje ta Birtaniya da aka kafa a 1946. A wannan ma'auni santimita 1 mita 500 ce, za ka ga gari da kogi da hanya, amma ba gida ɗaya ɗaya ba. Hotunan jirgin saman kansu suna ajiye a Edinburgh, kuma su sun fi taswirar nuna unguwanni. Taswirar filaye ta cikin gari sai a ofisoshin safiyo na jiha da ma'adanar ƙasa ta Kaduna. Ka buɗe mata zare nata, magana ce mai tsawo.

Zainab_Taska:
Mu koma Putney. Wanda ya sayi ta takarda kuma yake so ya ɗora ta kan taswirar yau da kansa, ga matakan a manhajar QGIS, kyauta ce. A yi sikanin a 400 dpi ko sama, a shimfiɗe sosai, don ninkin takarda yana jan layuka. A saita tsarin awo na EPSG:27700, shi ne na Birtaniya. A zaɓi maki 8 zuwa 12 da suke nan a da kuma suke nan yau, a warwatsa su har kusurwoyi huɗu, kada a tara su a tsakiya. Kusurwar hasumiyar coci, gindin gadar jirgin ƙasa, kusurwar tsohuwar katangar maƙabarta. A guji tsakiyar titi domin an faɗaɗa da yawa, a guji gaɓar ruwa, a guji gadar Putney kanta ko a taswirar 1894 ce, saboda an faɗaɗa ta a 1933. A fara da lissafin polynomial na mataki na 1. Idan maki ɗaya ya nuna kuskure fiye da sauran ninki biyu ko uku, cire shi ake yi, ba a ƙara matakin lissafi don a ɓoye shi.

Idan komai ya gusa gefe guda da sama da mita 100, ba makin ba ne. An gauraya tsarin Birtaniya ne da na GPS ba tare da juyawa ba.

Malam_Inuwa_Awo:
Madalla. Kuma tsayin ƙasa da ke rubuce kusa da B.M. da 'yar kibiya, wato alamar awon tsayi ta safiyo, da ƙafa ne, an kuma auna shi daga ma'aunin teku na Liverpool. Daga baya aka koma na Newlyn. Kada a kwatanta lambar 1894 da ta yau a ce ƙasa ta nutse ko ta tashi.

Baba_Mai_Tarihi:
Yarana, kun yi bayani mai kyau. Abin da zan ƙara shi ne yadda ake gane shekarun taswira ko da gefenta ya yage. A Putney abu ne mai sauƙi. Tashar jirgi ta kan High Street tun 1846 take, ba ta raba gardama. Amma idan ka ga gadar jirgin ƙasa ta ƙetaro daga Fulham zuwa tashar East Putney, to daga 1889 ne. Idan ka ga filin shaƙatawa na Wandsworth Park a bakin ruwa ta gabas, to daga 1903 ne. Idan gadar katako ce, kafin 1886 ne.

Wanda kuma yake neman abin da ya gabaci awon hukuma, akwai taswirar Nicholas Lane ta 1636 da ta zana filayen Putney, akwai ta John Rocque ta 1746 ta kewayen Landan. Ta Rocque tana ba da kamannin wuri, amma ba a auna gida da ita. Sai taswirar zakkar coci da aka yi bayan dokar 1836, mai lambar kowane fili da littafin da ke faɗin mai shi da mai haya. Ita tana haɗa suna da fili kai tsaye.

Ummu_Khalil:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. To na ƙarni na 20 fa, akwai abin da ke haɗa suna da gida kamar wannan?

Bala_Kundi:
Akwai, kuma shi ne ya fi kusa da amsa tambayarki ta farko. Tsakanin 1910 da 1915 hukumar haraji ta yi wa kowane gida da fili a ƙasar ƙima. Ma'aikatan sun ɗauki taswirar Ordnance Survey suka rubuta lamba da hannu a kan kowane gida, lambar kuma tana kai ki ga littafin da ke faɗin mai gida, mai haya, kuɗin haya, sau da yawa har da adadin ɗakuna da yanayin ginin. Suna babbar ma'adanar ƙasa a Kew, taswirorin Landan a jerin IR 121, littattafan a IR 58. Sai an fara samo lambar a taswira kafin a nemi littafin. Idan aka haɗa wannan da ƙidayar 1911, an san ƙofa. Daga nan sai a ja da baya da kundin adireshi shekara bayan shekara zuwa 1891, ana lura da shekarar da lamba ta sauya ta hanyar maƙwabtan da ba su tashi ba.

Hajiya_Rabi:
Idan kuma an je wurin aka tarar da sabon gini a tsakiyar tsofaffin gidaje, a duba taswirar ɓarnar bama-bamai ta majalisar gundumar Landan, falle 110 ne, an shafa wa kowane gida launi da hannu. Baƙi ya rushe ƙurmus, shunayya ba ya gyaruwa, ja mai duhu da wuya ya gyaru, rawaya ɓarna kaɗan. Tana da muhimmanci domin ƙidayar 1931 ta Ingila ta ƙone a gobarar 1942, a 1941 kuma ba a yi ƙidaya ba. Bayan ta 1921 sai rajistar 1939.

Safiyo_Garba:
Kafin ki saya, Malama, ki duba taswirar jagora ta masu bugun, don Putney ba ta shiga falle ɗaya ba. Daga bakin ruwa zuwa Putney Heath da Roehampton ya wuce mil ɗayan da falle ke ɗauka, kuma layin da kike nema zai iya faɗawa a kan gaɓar falle biyu. Ki tabbatar duka biyun na shekara ɗaya ne, in ba haka ba layin dogo zai shiga ta wannan gefe ya ɓace a wancan.

Zainab_Taska:
Kuma kada a yi rubutu a kanta da biro. A ɗora takarda mai shara-shara, a kafe ta da maki uku a kusurwa, a yi alama da fensir. Takarda ɗaya ga kowace ƙidaya.

Dan_Fito:
Malam Garba, C.R. ɗin da ke kan layin ɗigo-ɗigo a wasu rafuka fa, shi ma iyaka ne?

Safiyo_Garba:
Iyaka ne, yana nufin ta bi tsakiyar ruwan. A yammacin Putney ka duba rafin Beverley Brook inda ya nufi Thames, a wajejen nan ne Putney ta yi iyaka da Barnes. Gidan da ya faɗa ɓangaren Barnes, a yankin rajista na Richmond za a nemi mutanensa, ba Wandsworth ba.